Shin karatun intanet yana taimakon mai ciwon soriyasis?

Uwar Biyu, Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum. Ƙanena yana fama da ciwon fata na soriyasis tun yana sakandare, kuma da hunturu ya kama sai gwiwar hannunsa da fatar kansa su yi farin ɓawo, wani lokaci su tsage har jini ya fito. Likita ya rubuta masa magani, amma cunkoson asibiti bai bari an yi masa cikakken bayani ba, shi ya sa ya koma bincike a Facebook da YouTube. Shin akwai amfani a hakan?

Ma'aikacin jinya, Daura:
Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Akwai amfani sosai, domin ciwon lafawa yake yi ya dawo, kuma mafi yawan kulawar a gida ake yin ta: wanka da ruwa mai ɗumi ba mai zafi ba, daina dirza jiki da soso, da shafa basilin ko man kaɗanya tun fatar tana da danshi. Ya nemi shafuka irin su DermNet, mai bayani kan cututtukan fata, da na Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda a 2014 ta amince cewa soriyasis babbar larura ce da ba a ɗaukar ta daga wani. Wannan bayanin kaɗai yakan sauke wa mutum nauyi, musamman a wurinmu da wasu ke janye hannu wajen gaisawa, suna zaton kuturta ce. Sai dai yawancin hotunan da ke intanet na farar fata ne, inda tabon yake ja. A baƙar fata yakan yi duhu ko launin toka.

Mai kemis, Sabuwar Unguwa:
Hajiya, ki ja masa kunne kan masu tallar haɗin man shafawa da ke alƙawarin warkewa cikin mako guda. Sau da yawa akwai sinadarin kulobetasol a ciki, wanda ke kwantar da ƙaiƙayi nan take, amma idan aka daɗe ana shafawa sai fata ta yi siriri, nanƙarwa ta fito, ciwon kuma ya dawo da ƙarfi bayan an daina. Kada ya sayi abin da ba shi da lambar NAFDAC.

Uwar Biyu:
Na gode ƙwarai. Yana kuma kukan ciwon yatsu da asuba.

Ma'aikacin jinya:
Wannan kam na likita ne, domin soriyasis yakan taɓa gaɓoɓi. Ya ɗauki hoton tabon a waya ranar da ciwon ya tashi, ya rubuta tambayoyinsa, ya je Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ya nemi ganin likitan fata.