Sakuleta marar maganaɗisu: ta isa ta kori ferit?

Injiniya, daga unguwar Yantala a Yamai: Ni dai na ce ranar ferit, sinadarin da aka saba yin sakuleta da shi tare da maganaɗisu, ta faɗi. Sakuleta na'ura ce a cikin kayan rediyo, aikinta ɗaya ne: sigina ya tashi daga mai aikawa zuwa eriya, daga eriya zuwa mai karɓa, ba komawa baya. Ferit da maganaɗisunsa kuwa ba sa shiga guntun lantarki na silikon. A 2016 Reiskarimian da Krishnaswamy na Jami'ar Columbia a Amurka suka ƙera marar maganaɗisu da CMOS, fasahar yin guntun silikon, mai nanomita 65, a megahaz 750. Layi mai tsawon kashi 3 cikin 4 na zangon igiyar sigina, an naɗe shi zobe, an saka kafasita 8 tsakanin jerin makunnai biyu, agogon da ke buɗe makunnan gefe guda da rufe su yana bin na ɗayan da digiri 90. Ta hanya ɗaya sigina ya haɗu, ta ɗayar ya kashe kansa.

Malama: Injiniya, a yi lissafi tukuna. Wat 1 a kan om 50 ƙololuwarsa volt 10 ne, makunnin nan kuwa na volt 1.2 ne. Ina zai kai? Asarar siginar sakuletar nan ma kusan desibel 1.7, ta ferit mai kyau ba ta kai 0.5 ba, kuma ferit ba ya cin batir. Agogo yana ci.

Injiniya: Shi ya sa ake jera makunnai bisa juna a SOI, wato silikon da aka ɗora kan abin da lantarki ba ya ratsawa, kuma a ajiye su inda ƙarfin mai aikawa ya fi rauni a zoben.

Malama: Kowane makunni da ka ƙara, ka ƙara turjiya da nauyin agogo. Ga zafin Afrilu na Yamai, cikin akwati a rana turjiyar ta daɗa hawa.

Ɗalibi: Malama, gafarta, to ba sai a koma wa dabarar Estep da Alù ta 2014 ba, da'irori uku da ake kaɗawa da tazarar digiri 120?

Dattijo: Yaro, waccan tana haifar da sigina na banza a gefen mitar, sai an yi ta tagwaye su kashe juna. Amma duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Eriya ce matsalar. In hannu ya rufe ta, ta maido desibel 10 ƙasa da abin da aka aika, kowace sakuleta za ta miƙa shi ga mai karɓa, ferit ko silikon. Aikawa da karɓa a mita ɗaya na son a danne siginar mai aikawa da ke shiga mai karɓa da kimanin desibel 110.

Injiniya: Ranka ya daɗe, nan ne silikon ya ci: mai daidaita eriyar yana zama a guntu ɗaya da ita.

Malama: A waya na yarda. A kan hasumiya mai wat 40, kawo makunnin mu gani.