Ina neman shawara: mugun abin bauta na wuta a wasan tebur

Takari_Jidda

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina jan wasan Dungeons & Dragons, bugu na biyar na 2014 (wasan tebur ne na labari, kowa yana riƙe gwarzo ɗaya, ana jefa ƙwaya irin ta lido), ga mutum huɗu a wata istiraha, wato wurin shaƙatawa, nan Jidda. Duk suna mataki na 7: mayaƙi, ɓarawo, mai warkarwa, da matsafi wanda rabin ƙarfinsa tsafin dunƙulen wuta ne. A babi na gaba ina so babban mugu ya zama wani abu na wuta da mutanen wani gari ke bauta wa. Abin da na rubuta zuwa yanzu: sunansa Sarkin Gobara, jininsa 400 (makin rai, in ya ƙare an kashe shi), wuta ba ta cin sa, burinsa ya ƙone duniya. Na karanta na ji ba gishiri. Yaya zan gina shi ya ba da tsoro ba tare da na taɓa abin da bai kamata a yi wasa da shi ba? Kuma wane lissafi ya dace da mutum huɗu a wannan mataki?

Dan_Makera_Makka

Wa alaikumus salam ƙanina. Fara da iyakar, don ita za ta gyara maka labarin ma. Kada ka rubuta shi a matsayin abin bauta na gaskiya a duniyar wasan. Ka rubuta shi halitta ce, tsohuwa, mai ƙarfi, maƙaryaciya, wadda ta samu mutane cikin ƙunci ta ce su durƙusa mata. Yana jin yunwa, yana jin tsoro, ana iya kashe shi. 'Yan wasanka za su fi sakin jiki, kuma ka samu ƙarshen labari a kyauta: ranar da mutanen garin suka ga abin da suke yi wa yanka yana gudun guga.

Abubuwa uku ka bar su a waje. Kada ka ɗauko sunan Iblis ko sunayen wutar lahira. Kada ka ɗauko sunan wani iska na bori, domin a teburin Hausawa ba a rasa wanda kakarsa ta san sunan, kuma wasa zai koma musu. Kada ka kwaikwayi Majusawa, mutane ne da suke raye har yau a Iran da Indiya, ba kayan ado ba ne na labarin mugunta. Ƙirƙiri naka daga tushe.

Yanzu matsalar "yana son ƙone duniya". Wa zai bauta wa mai son ƙone shi? Ba wanda ya haukace haka. Abin da ya kamata ka tambayi kanka shi ne me yake ba su. Ga misali, ka gyara yadda kake so. Gari ne na maƙera a kan baƙin dutse, inda babu itace ko na ƙirya ɗaya da za a yi gawayi. Maƙera ba gawayi ai zaman banza ce. Sai wannan abu ya ba su aron garwashi guda wanda ba ya mutuwa, ba ya bukatar zuga-zugi, yana narka tama cikin rabin lokaci. Takobin garin ya yi suna, fatake suna zuwa, kowa ya yi arziki. Abin da yake karɓa: rijiya ɗaya a shekara. Ba ya cewa a ba shi, rijiyar kawai take ƙafewa. Garin yana da rijiya goma sha biyu da farko, 'yan wasanka su iso saura uku.

Ka ga yanzu kana da mutanen da za a yi magana da su. Sarkin maƙera ya san gaskiya amma in ya mayar da garwashin garin ya mutu da talauci. Masu ga-ruwa sun yi kuɗi, ba sa so a taɓa komai. Matan da ke tafiyar rabin yini ɗebo ruwa su ne ke son a kawar da shi, su ne kuma ba a tambayarsu. Babu ɗaya cikinsu da yake mugu don mugunta.

Sunan kuma, Sarkin Gobara ya tona asiri tun daga bakin ƙofa. Mutanen da ke tsoron abu ba sa kiran sa kai tsaye, kamar yadda ake ce wa maciji igiyar ƙasa da dare. Su riƙa ce masa Mai Ɗumi, ko Baƙon Murhu. Ka ba shi kirari gajere da yara ke rerawa ba su san ma'anarsa ba: "Mai ɗumi da dare, mai toka da safe, ka ba da aro da cokali ka karɓa da masaki." Ka sa 'yan wasa su ji shi tun zama na farko, kafin su san wa ake nufi.

Haramcinsa ya zama abin da ake gani a titi. Ba a kashe wuta da ruwa a garin, sai da yashi. Ba a shiga maƙera da jiƙaƙƙen hannu. Baƙo in ya zubar da ruwan wanke hannu kusa da murhu, kasuwa ta yi tsit. Wannan ya fi shafi uku na tarihin da ba wanda zai saurara.

Kwaya20_Madina

Malam Ɗan Maƙera ya gama da labari, bari in taɓa lissafi, don a nan ake yin ɓarna.

Jini 400 ya yi yawa. A jadawalin littafin jagoran wasa na 2014, dodo mai darajar haɗari 10 (ma'aunin ƙarfin dodo) yana da kariya 17 (lambar da sai jifa ya kai kafin sara ya same shi), jini tsakanin 206 da 220, ƙarin +7 a sara, ɓarnar 63 zuwa 68 a kowane zagaye, kuma lambar tsira daga tsafinsa 16 (sai jifan ɗan wasa ya kai ta zai tsira). Makinsa, wanda ake auna wuyar faɗa da shi, 5,900 ne. Mutum huɗu a mataki na 7, iyakar faɗa mai wuya 4,400 ce, ta mai kisa 6,800. Wato dodo ɗaya mai daraja 10 ya zauna daidai tsakanin biyun. Shi kake nema. In ka ba shi 400 ba tsoro ka ƙara ba, dare ka tsawaita, mutane su fara duba waya.

Kada ka zuba wannan ɓarnar ta kusan 65 a sara guda. Matsafi mai ƙarin +2 a ƙarfin jiki yana da jini kusan 44 a mataki na 7, bugu ɗaya ya kwanta bai yi komai ba. Raba ta: sara biyu na kusan 18 kowanne a lokacinsa, saura kusan 30 ka rarraba su a matakan da yake ɗauka bayan motsin wasu, uku a zagaye. Ka ba shi ikon ƙin faɗuwa a jifan tsira sau uku kamar sauran manyan dodanni, in ba haka ba tsafi ɗaya mai kyau zai ɗaure shi tun zagayen farko a yi masa taron dangi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙara masa dogarai manya. Halittar wuta ta littafin dodanni darajarta 5, makinta 1,800, jininta 102. Ka sa biyu kusa da shi, jimla 9,500, kuma da yake sun zama uku ƙa'idar littafin ta ce a ninka biyu, 19,000. Kusan ninki uku na iyakar kisa ke nan. In kana son cunkoso, sa ƙananan halittun narkakken dutse masu darajar rabi, jini 9, waɗanda ke fashewa da ɓarnar 2d6 (jimlar ƙwaya biyu masu fuska shida) in sun mutu. Suna tilasta wa mayaƙi ya yi tunanin inda zai tsaya, ba sa gama da kowa.

Sai batun wuta ba ta cin sa. Daidai ne ga labari, amma ka duba matsafinka. Dunƙulen wuta 8d6 ne, matsakaici 28, kuma yana da gurbin tsafi (damar yin tsafi sau ɗaya kafin hutu) uku na mataki na uku da ɗaya na huɗu. In ka ɓoye masa har ranar faɗa, ka zaunar da mutum awa biyu yana kallo. Ka nuna masa tun da wuri: ya jefa wuta kan wani ƙaramin bawan Mai Ɗumi ya ga abin ya ƙara girma. Matsafi yana sauya tsafin da ya tanada bayan dogon hutu, don haka in ya sani zai shirya. Ka ajiye masa takardar tsafin sanyi guda a hanya. Kuma ka ba wutarsa wani aiki a fagen, misali ta narkar da sarƙar da ke riƙe ƙofar tafkin ruwa.

Ruwa kuwa, ƙa'idar halittar wuta ita ce maki 1 a kowane galan, kusan lita 3.8. Wannan ba ya taɓuka komai ga mai jini 210. Na Mai Ɗumi ka sauya: in an zuba masa ganga guda ko fiye a lokaci ɗaya, ya rasa matakansa na bayan motsin wasu har zagaye na gaba. Ka sa ganga uku kawai a fagen, a garin da ruwa ya fi zinariya tsada, sai ka ga ana gardama kafin a fasa ko ɗaya.

Ummu_Taswira

Yayyena sun yi bayani. Ni ƙasar zan yi magana a kai, don kuna zaune kusa da ita kuna neman ta a hotunan Turawa. Harrat Rahat ta miƙe daga kudancin Madina har kusa da Makka, baƙin dutsen aman wuta ne, mai kaifi, yana cin takalmi da kofaton dabba. A shekarar 1256, wato 654 ta Hijira, ƙasa ta tsage a gefenta na arewa, narkakken dutse ya kwarara makonni ya tsaya bai kai Madina ba. Wannan al'amari malamai sun yi magana a kansa ta fuskar addini, don haka kada ka sa shi cikin wasa, yanayin ƙasar kawai za ka ara. Ga kuma ramin Wahba a arewa maso gabashin Ta'if, faɗinsa kusan kilomita biyu, zurfinsa fiye da mita 200, ƙasansa fari fat da gishiri. Baƙin baki, farin ciki, gangara mai wuyar hawa. In ka zana irinsa ka sa maƙerar a tsakiya, ka gama da fagen faɗan ƙarshe, kuma gudu ba sauƙi.

Ƙa'idar zafi tana nan a littafi: in zafi ya kai digiri 38 kuma babu ruwan sha, kowace awa a yi jifan tsira na ƙarfin jiki, lamba 5 a awar farko, tana ƙaruwa da ɗaya kowace awa, mai sulke matsakaici ko mai nauyi yana jefa biyu ya ɗauki ƙarami. (Digiri 38 da ake kira matsanancin zafi, mutumin Makka a watan Yuli dariya zai yi, amma haka aka rubuta.) Wanda ya faɗi ya samu matakin galabaita ɗaya. A kula da nan. Mataki na biyu yana raba gudu biyu, na uku yana lalata sara da jifan tsira kansa, wato daga na uku mutum yana ƙara faɗuwa ne saboda ya riga ya faɗi, na shida mutuwa. Dogon hutu mataki ɗaya kawai yake cirewa. Ka tsayar da galabaitar hanya a mataki na biyu, in ba haka ba za su isa gaban dodon da Malam Ƙwaya ya auna wa lafiyayyu suna jan ƙafa, lissafin duk ya rushe.

A zafi mutum yana bukatar galan biyu a yini, salka kuma rabin galan take ci. Salka huɗu kowa, goma sha shida ga ayarin, a yini ɗaya. Amma mai warkarwarka yana da tsafin mataki na farko da ke samar da galan goma, ya ishe su duka da saura. Kada ka hana shi, zai ji an yi masa fashi. Ka ce yana aiki, sai dai duk lokacin da aka ƙirƙiri ruwa a ƙasar Mai Ɗumi yana ji, kuma ka jefa d6 a gabansu: 1 ko 2, bayinsa sun iso kafin gari ya waye.

Takari_Jidda

Allah ya saka da alheri, na cire 400. Tambaya ɗaya: ɓarawon nan na san halinsa, zai nemi aron garwashin da kansa. In bar shi?

Dan_Makera_Makka

Bar shi mana, ai shi ne daɗin abin. Ka ba shi kati ka rubuta "toka" a kai. Duk lokacin da ya kira garwashin ya samu ƙarin 2d6 na wuta a sara ɗaya, ya yi zane ɗaya a katin. Zane uku, ruwan da yake sha ya ninka. Zane biyar, duk wutar da ya kunna Mai Ɗumi yana gani ta cikinta. Zane bakwai, ya zama na Mai Ɗumi, ka karɓe takardar gwarzonsa.

Kwaya20_Madina

Yaya, ban yarda da na bakwai ba. Karɓe wa mutum gwarzon da ya raina tun mataki na 1 yana kashe tebur, kuma wanda ya san haka zai tsaya a zane biyu ya ƙi ƙarawa, tsarin ya mutu a banza. A bakwai, Mai Ɗumi ya samu umarni ɗaya a kansa a faɗan ƙarshe: jifan tsira na hankali a lamba 16, in ya faɗi ya yi zagaye guda yana kare maƙerar. Ka gaya masa wannan tun ranar da ya karɓi katin, a gaban kowa. Kuma a bar hanyar biya: zane ɗaya yana gogewa in ya kai ganga guda ta ruwa unguwar da rijiyarta ta ƙafe, da ƙafarsa, ba da tsafin mai warkarwa ba. 2d6 matsakaicinta 7 ne kawai, a kan saran ɓoye na 4d6 da yake da shi a mataki na 7. In ka ga bai kula ta ba a zama biyu, ɗaga ta zuwa 3d6, amma kada ka wuce haka, kuma sau ɗaya a zagaye.