Tambaya: yaya zan adana injin Peugeot 504 da za ta yi wata bakwai a ajiye a Garwa?

Ɗan Garwa:

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana. Ina neman shawarar waɗanda suka san tsofaffin motoci. Akwai Peugeot 504 a hannuna, ƙirar Kaduna, wadda na gada daga mahaifinmu, Allah ya gafarta masa, kuma har yanzu injinta na asali ne, mai kafireto. Aiki zai kai ni Duwala daga watan Mayu zuwa Disamba, ba kuma da ita zan tafi ba, ke nan za ta ci damina gaba ɗaya a gidanmu na Garwa, ta kuma shiga farkon hunturu ba tare da an motsa ta ba.

Na karanta yadda masu irin waɗannan motoci a Turai suke shirya su kafin sanyi ya shigo: suna canja baƙin mai, suna cika tanki, suna zuba ruwan hana daskarewa a lagireto, suna cire batir. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, wanne ne daga ciki ya shafe mu, tunda ruwa ba ya daskarewa a ƙasarmu? Sa'an nan ƙanena ya yi alkawarin zai riƙa kunna ta duk ranar Juma'a, minti biyar ko goma, domin kada injin ya cije. Shin wannan daidai ne? Batun tanki kuwa, wasu sun ce in bar shi cike, wasu sun ce in tsiyaye shi tas.

Tsohon bakanike, Marwa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya ji ƙan mahaifinka. Zan fara da maganar ƙanenka, domin ita ce ta fi haɗari, ko da yake da kyakkyawar niyya ya yi ta. Ka gode masa, amma ka karɓe makullin. Duk lokacin da inji ya ƙone lita ɗaya ta fetur, kusan lita ɗaya ta ruwa yake fitarwa a matsayin tururi. Idan injin ya yi zafi sosai, tururin yana ficewa ta salansa ba tare da ya yi ɓarna ba, amma idan aka kunna shi yana sanyi aka kashe bayan minti biyar, ruwan nan yana kwanciya a cikin salansa, wani kuma ya sulale ta gefen fistin ya gauraya da baƙin mai, tare da ɗanyen fetur da bai gama ƙonewa ba. Baƙin mai ba ya korar wannan ruwa sai motar ta yi tafiyar minti 20 zuwa 30 a kan hanya. Mako bayan mako ana tara ruwa a cikin inji, ga shi kowane tayarwa yana cin batir fiye da abin da minti biyar na silo zai mayar masa. In akwai direba amintacce da zai fita da ita ya zaga gari rabin sa'a sau biyu a wata, to babu laifi, domin wannan ba ajiya ba ce, amfani ne. In babu shi, a shirya ta da kyau a rufe, kada kowa ya taɓa ta.

Ga yadda ake shiryawar. Kwana ɗaya ko biyu kafin tafiyarka, ka fita da ita har injin ya yi zafi, ka zubar da tsohon baƙin mai yana da ɗuminsa, ka sauya matacin mai, ka zuba sabon baƙin mai mai lamba 20W-50, kusan lita 4 take ci. Mutane da yawa suna cewa ai asara ce a zuba sabon mai a motar da ba za ta yi tafiya ba, gara a bari sai an dawo. Wannan lissafi ya juya. Tsohon mai yana ɗauke da tsami da ruwa da ƙurar ƙonewa, kuma idan ya kwanta wata bakwai a kan ƙarafan da karanshaf, wato babban sandan ƙarfen da ke cikin injin, ke juyawa a kansu, sannu a hankali yake cin fuskarsu. Bayan ka zuba sabon, ka sake zagawa da ita minti goma domin ya isa ko'ina.

Idan injin ya huce, ka cire fulogi huɗun nan. A 504 fulogi suna can ƙasan rami mai zurfi, saboda haka ka hure ramin da iska tukuna, kada ƙasar da ta taru ta faɗa cikin silinda. Ka zuba ƙaramin cokali ɗaya na sabon baƙin mai a kowace silinda, sa'an nan ka juya injin da hannu, da sifana, zagaye uku ko huɗu. Juyawar nan wajibi ce a wannan mota, domin injinta a kishingiɗe yake, kuma man da ka zuba gefe ɗaya zai gangara ya taru idan fistin bai shafa shi a jikin bangon ba. Ka mayar da fulogi, ka ɗaure su.

Fetur kuwa, ra'ayina shi ne kada ɗigo ya kwana a cikin kafireto. Zafin ƙasarmu yana busar da shi cikin makonni, ya bar wani danƙo kamar ƙaro wanda ke toshe ƙananan ƙofofin da mai ke bi. Ka cire tiyon da ke kawo mai daga tanki, ka toshe shi, ka bar injin yana aiki har ya mutu da kansa. Wannan ka yi shi kafin ka zuba mai a silinda. Tankin ma ni a wurina a tsiyaye shi.

Ɗan Ngaundare mazaunin Faransa:

Baba na Marwa ya gama magana a kan baƙin mai, ba ni da abin ƙarawa. Ni zan taɓa batun lagireto, tunda a nan nake ganin sanyin da ɗan'uwa ya karanta labarinsa.

Dalilai biyu ne suke sa mutanen nan ɓoye tsofaffin motocinsu daga Nuwamba zuwa Maris. Na farko, gishirin da ake watsawa a kan tituna domin narkar da ƙanƙara yana cinye ƙasan mota da tsatsa. Na biyu, ruwa idan ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari, kuma wannan kumburi ya isa ya tsaga lagireto, har ma da gangar jikin injin, a dare ɗaya. Shi ya sa suke haɗa ruwa da sinadarin hana daskarewa rabi da rabi, haɗin da ke jure sanyi har wajen digiri 37 ƙasa da sifiri. Batir da ya yi rauni ma yana iya daskarewa ya fashe a nan. Duk waɗannan ba su shafi Garwa ba, ba su ma shafi Ngaundare ba, duk da tana kan tudu sama da mita 1,000.

Sai dai kada wannan ya sa ka raina ruwan lagireto mai launi da ake sayarwa a galan. Rabin aikinsa kawai ne hana daskarewa. Ɗaya rabin shi ne hana tsatsa, kuma wannan rabin mu muka fi kowa bukatarsa. Gangar jikin injin 504 baƙin ƙarfe ne, kansa kuma alminiyam, kuma silindojinsa bututu ne da ake zura su a ciki, ruwa yana taɓa bayansu kai tsaye. Ƙarfe iri biyu a cikin ruwan rijiya da ya tsaya wata bakwai, sakamakonsa shi ne alminiyam ya ciwu a gefen gaskit, tsatsa ta taru a gindin silinda inda aka liƙe su, wata rana kuma ka ga ruwa a cikin baƙin mai. Ka wanke lagireto da hanyoyin ruwa har sai abin da ke fitowa ya yi haske, ka zuba haɗaɗɗen ruwan galan, ka bar shi cike. Kada ka tsiyaye ka bar shi wofi, domin ƙarfe mai laima da iska ke shiga ya fi saurin tsatsa a kan wanda ruwa ya rufe, famfon ruwa ma yana iya cijewa.

A kan tanki kuwa, da izinin Baba, ina da ja. Tankin 504 na ƙarfe ne kuma yana shaƙar iska. Da rana iskar ciki ta kumbura ta fita, da dare sabuwa mai laima ta shiga ta yi raɓa a bango. Da a ce rani motar za ta ci, da na yarda a tsiyaye. Amma damina ce, a bakin kogin Binuwai, watan Agusta da Satumba. Tanki wofi a irin wannan lokaci zai yi tsatsa daga ciki, kuma tsatsar tanki ba ta ƙarewa, shekara da shekaru za ta yi ta toshe maka kafireto. Ni dai a cika shi.

Direba, Injamena:

Malam Ɗan Garwa, manya sun yi maganar cikin inji, ni zan yi ta wajensa, domin a ƙasashenmu sau da yawa ɓarna daga waje take shigowa.

Wurin ajiya shi ne farko. Mu da muka ga ambaliyar 2022, lokacin da kogunan Shari da Logon suka tumbatsa suka shiga unguwannin Injamena da Kusuri, mun san abin da ruwa ke yi wa motar da aka bari a kwari. Ka zaɓi wuri mafi tudu a gidan, mai rufi, kuma mai daɓen siminti in da hali, domin ƙasa tana tayar da laima zuwa ƙasan mota, ƙwarin gara ma ta nan suke hawa. Kada ka lulluɓe ta da leda ko tamfol har ƙasa; suna kulle gumi a ciki. Tsohon zanen auduga ya fi, iska tana ratsa shi.

Batir ka cire shi gaba ɗaya, ka fara kwance wayar ragi (−) kafin ta ƙari (+). Mutanen Turai sanyi suke jin tsoro, mu kuwa zafi ne ke kashe mana batir, domin ko ba a haɗa shi da komai ba yana zubar da cajinsa da kansa, kuma duk ƙarin digiri 10 na zafi yana kusan ninka saurin zubarwar. Batir da ya zauna babu caji wata biyu ko uku, farin gishiri yakan kama farantansa, ba ya kuma komawa daidai. Wannan shi ne aikin da ya dace ka ba ƙanenka: ya ajiye shi a ɗaki mafi sanyi, ya kai shi caji sau ɗaya a wata. Cikakken batir yana nuna volt 12.6 in an auna shi, idan ya sauko 12.4 lokacin caji ya yi. Idan ruwansa ya ragu, tataccen ruwan batir za a ƙara, ba asid ba.

Ka toshe bakin salansa da bakin matacin iska da tsumma mai ɗan mai, ka ɗaure. Zanzaro yana son gina ɗakinsa na laka a irin waɗannan ramuka, ɓera kuma yana sheƙa a cikin tukunyar matacin iska, yana cin wayoyi da tiyo. Kada a ajiye buhun gero ko gyaɗa a ɗaki ɗaya da motar. Ka rubuta a takarda abin da ka toshe, ka ajiye a kan sitiyari.

Birkin hannu kada ka ja shi, domin laima tana manne birki. Ka sa katako a gaba da bayan taya. Kuloci ma yana mannewa a damina, saboda haka ƙanenka ya riƙa shiga yana taka shi, yana taka birki sau da yawa, ba tare da ya kunna komai ba. Tayoyi ka ƙara musu iska kaɗan fiye da yadda aka saba.

Tsohon bakanike, Marwa:

Ɗana na Faransa, hujjarka ta damina ta fi tawa, na karɓa, amma da sharaɗi. Man da za a cika tankin da shi ya zama daga gidan mai, ba zuwa-zuwa ba, wato na kwalba da ake sayarwa a bakin hanya, domin wanda aka ɗauko a jarka ba ka san tsawon zamansa a rana ba, ba ka kuma san abin da aka gauraya masa ba. A bar ɗan sarari a wuyan tankin saboda kumburin zafi. In an sami maganin nan da ake zubawa domin fetur ya daɗe bai lalace ba, a zuba. Kuma lita 50 da wani abu na fetur ba abin ajiyewa kusa da murhu ba ne. In madafar gidan tana jikin rumfar, to a koma ga maganata ta farko. Kafireto dai wofi, a kowane hali.

Saura ranar dawowa, domin a nan ake ɓata aikin wata bakwai cikin minti ɗaya. Kada ka murɗa makulli kai tsaye. Ka cire tsummokan da ka toshe, ka duba wayoyi da tiyo da fanbel, ka ja sandar awon mai ka tabbata bai koma fari-fari ba, ka sansana man tanki. In warinsa ya koma na tsohon fenti, ka zuƙe shi ka zuba sabo. Sa'an nan ka cire fulogi, ka juya injin da sifana ka ji yana tafiya sumul, ka cire wayar da ke kai wuta kwayil, ka buga sitata daƙiƙa goma-goma har fitilar mai ta mutu. Sai a lokacin za ka mayar da fulogi da tiyon mai ka tayar. Za ta yi shuɗin hayaƙi na 'yan mintoci saboda man da ka zuba a silinda, wannan ba matsala ba ce. Kafin ka fita titi ka taka birki da ƙarfi a cikin gida, kuma in man birkin ya haura shekara biyu ka sauya shi, domin shi ma yana shan laima daga iska.