Kircin ɗana ya hana mu barci, ku taimaka

Maman Sadiku, Garwa: Assalamu alaikum. Ɗana ɗan wata 14, tun shigowar hunturu bayan gwiwoyinsa da kumatunsa suka bushe, yana susa har jini. Surukata ta ce ƙazuwa ce. Wallahi tausayinsa ya isheni. Me zan yi?

Hajiya Asabe, Marwa: Wa alaikumus salam, 'yata. In ƙazuwa ce da ku ma kuna susa. Kirci ba a ɗaukarsa. Ki rage wanka, ruwa mai ɗumi kaɗan, ban da sabulu mai ƙamshi. Kafin jikin ya bushe ki shafe shi da man kaɗanya ko Vaseline, safe da dare. Ki yanke masa farce, kayan auduga kawai.

Baban Hauwa, Ngaundare: Ni ma'aikacin jinya ne. Don Allah kada ki sayi man bilicin a kasuwa, sinadarinsa yana sirantar da fatar yaro. Ki kai shi asibiti, wataƙila su rubuta hydrocortisone, man shafawa mai rage ƙaiƙayi, na 'yan kwanaki. Binciken Ingila na 2020 kan jarirai kusan 1,400 ya nuna shafa mai ba ya hana kirci fitowa. Amma dai an san mai yana sassauta wanda ya riga ya fito. In wurin ya fara ruwa ko mugunya, kada ki kwana.

Maman Sadiku: Na gode. Gobe da sassafe za mu je, in sha Allahu.