Fiyar Bartlett rabin bushel ta nuna min lokaci ɗaya: Crock-Pot ko tukunya, kwalba ko firiza?

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Ina da rabin bushel na fiyar Bartlett daga wata gona a yankin Lancaster, Pennsylvania, wajen kilo 11. Duk sun yi rawaya, wuyansu ya yi laushi, in suka ƙara kwana biyu sai kwandon shara. So nake in yi abin shafa burodin nan da 'yan Amish, wata al'ummar Kiristoci manoma, suke sayarwa a bakin hanya, mai ruwan ƙasa da ƙamshin kirfa. Crock-Pot, tukunyar lantarkin nan mai dafa abinci a hankali, ya fi ko tukunya a kan wuta? Kuma in rufe a kwalba ko in sa a firiza? Ina son kai wa su Hajiya Kano a Disamba.

Baban Sadik: Fiya ai ba a dafa ta, ɗaci take yi. Ki matsa lemun tsami da ɗan gishiri a cinye yau.

Anti Ladi: Baban Sadik, ba fiyar 'Yan Lemo mai babban ƙwallo take nufi ba, wannan dangin tuffa ce. Maman Ilham, ki yi lissafi da kilo 3. Ki fere, ki cire tsakiyar, ki yanka, ki sa rabin kofin ruwa, minti 20 a wuta sai ta yi lugub. Ki markaɗa. Ki zuba sukari kofi 2 da rubu'in kofin ruwan lemun tsami na kwalba. Daga nan aikin ƙafar da ruwa ne kawai, sai ta koma wajen rabi. A Crock-Pot awa 10 zuwa 12 a ƙaramar wuta, ki gitta muciya a ƙarƙashin murfin don tururi ya fita. In kika rufe ruf, gobe ma kunu za ki tarar. Kirfa ƙaramin cokali 2, citta rabi, kanumfari rubu'i, kuma sai a awar ƙarshe. Kanumfari in ya daɗe a wuta ya yi yawa, sai abin ya koma ɗanɗanon maganin haƙori.

Uwargida Columbus: Kofi 2 ya yi kaɗan. Littattafan adana abinci kofi 4 suke sa wa kilo 3. Kuma ki bar Crock-Pot, kilo 11 ba zai shiga ba. Faffaɗan faranti mai zurfi a murhun gashi, zafi 300 a ma'aunin Amurka, ki juya duk rabin awa, awa 3 zuwa 4. Ba ya kamawa, ba ya fallatsa. Nawa kika saya?

Maman Ilham: Dala 18.

Uwargida Columbus: Inna lillahi. Mu nan 35.

Anti Ladi: Nata na biyu ne, masu tabo, su ake saya don dafawa. Wanda ya ba da 35 kyawun fata ya saya, ita kuwa za a fere ta a zubar.

Hajiya Bronx: Duk wannan maganar girki ce, asarar a murfi take. Kwalba 24, kwana biyu a tsaye, murafu marasa suna da aka sayo a intanet don arha. Bakwai ba su kama ba tun daren, sauran suka saki ɗaya bayan ɗaya a kanta. Kafin wata biyu fumfuna ta rufe saman, duka aka zubar har da kuɗin sukari da na gas. Robar da ke gefen irin waɗannan siririya ce, ƙarfen kuma lanƙwashewa yake yi a tafasasshen ruwa. Tun ƙarancin murfi na 2020 jabu suka cika kasuwa, har da masu kwaikwayon kwalin na asali.

Uwargida Columbus: Hajiya, kin tafasa kwalaben bayan cikawa kuwa? Ko murfin da aka taɓa amfani da shi ne? Murfin kashi biyu ne, faifai da zoben da ke ɗaure shi: faifan sau ɗaya yake aiki, zoben ne ake maimaitawa.

Hajiya Bronx: Sababbi ne fil. Tafasawa kuma tsofaffin Amish ba duka suke yi ba, da zafinsa suke zubawa su kife kwalbar.

Nas Hadiza: To nan matsalar take, Hajiya. Ma'aikatar noma ta Amurka ta daɗe da janye wannan hanyar. A cika kwalba mai zafi, a bar rubu'in inci a sama, a goge bakin tas domin ɗigo ɗaya ya isa ya hana murfi kamawa, a ɗaura zobe daidai ƙarfin yatsu. A nutsa su ruwa ya rufe su da inci ɗaya ko biyu, minti 10 daga lokacin da ya tafasa sosai. Mazauna tudu irin Denver su ƙara minti 10. A bar su awa 12 zuwa 24 ba taɓawa. Wanda tsakiyar murfinsa ke motsi, firji. Kuma fiyar Asiya mai zagaye ba ta da tsami isasshe, dole sai da lemun tsami, saboda ƙwayar botulizim mai sa guba a abinci.

Hajiya Bronx: 'Yar nan, mutanen da suke wannan sana'ar tun kakanni a tukunyar tagulla ke za ki koya wa?

Nas Hadiza: Girkinsu na yarda da shi, Hajiya. Amma kwalba 24 ɗin ba ta littafi aka rufe su ba.

Baban Sadik: An ce har kwabbai suke zubawa a gindin tukunya don kar ya kama. Maman Ilham, in kin sa, kwalbar da kwabo ya faɗa tawa ce.

Anti Ladi: Kar wanda ya gwada. Kwabon Amurka tun 1982 tutiya ce aka shafa wa tagulla, ga tsami ga zafi. Tukunyar baƙin ƙarfe ma a bari, baƙanta shi take yi. Wani abu kuma: in girkin ya ce ruwan tuffa, a duba a tabbata ba mai giya ba ne, ruwan banila na asali ma kashi 35 cikin ɗari aƙalla barasa ce. Gwajin nuna: ɗiga cokali ɗaya a faranti mai sanyi, in ruwa bai zagaye gefensa ba ya yi.

Maman Ilham: Na gode. To na firiza zai kai Kano?

Uwargida Columbus: Ina! Na firiza shekara yake yi a firiza, ba a jirgi ba. Kwalba kuma ba ta shiga jakar hannu, duk abin shafawa da ya wuce mililita 100 karɓewa suke yi. Sai babbar jaka, kowace a cikin safa da leda mai zif.

Hajiya Bronx: Babbar jakar da kilo 23 ne kacal? Kwalba shida sun cinye kilo 3 ko 4. Ga masu kawo saƙo daren tafiya, wai "ɗan abu ne", ki buɗe ki ga takalma ƙafa biyar da injin markaɗe.

Anti Ladi: Kuma ba mai tambayar kuɗin ƙarin kaya.

Baban Sadik: Af, Maman Ilham, ranar nawa ga Disamba za ki tashi? Akwai ɗan saƙo.