"QoS yaudara ce": cacar baki a zauren masu haɗa intanet

Ɗan Sabon Gari: Salamu alaikum. Yau raina a ɓace yake, kuma zan faɗi abin da na daɗe ina haɗiyewa: QoS ɗin nan da ake ta kururutawa, wato tsarin ba wa wasu bayanai fifiko a kan layin intanet, yaudara ce. Wani ofis na yi wa aiki, ma'aikata kusan talatin, layinsu megabit 20 na saukewa, 5 na turawa. Maigidan ya ce duk sanda ya shiga taro ta Zoom sai murya ta riƙa yankewa. Kwana uku ina kan MikroTik ɗinsu, wato rauta, na'urar da ke raba musu intanet. Na yi wa fakitin Zoom, wato guntayen bayanan da yake turawa, alama a Mangle, sashen sa alama na MikroTik, na gina layukan jira na Queue Tree, na ba shi fifiko na 1, har alamar fifiko ta DSCP 46 na sa. Jiya ya kira ni a gaban yaransa ya ce babu abin da ya canza, cikon kuɗina kuma sai ranar da murya ta daidaita. Don Allah ina laifina?

Na Zariya: Wa alaikumus salam. Allah ya huci zuciyarka, amma ka janye kalmar yaudara. Yaudara ita ce a yi maka alkawari a saɓa. Wa ya taɓa ce maka QoS na ƙara faɗin layi? Kamar ɗan sanda mai ba da hannu yake a mahaɗar titi: shi ne zai zaɓi motar da za ta fara wucewa, amma titin yana nan yadda yake.

Ɗan Sabon Gari: To ai motar da na zaɓa ce ba ta wuce ba, Malam. Me zan kira wannan?

Autan Zaure: Ni ina bayan yayana. Yaudara ce. An koya mana a aji cewa da ka sa 46 fakitin murya ya zama sarki. Ba a gaya mana cewa da ya fita daga ofishinka kamfanonin intanet da yawa suna goge alamar su mayar da ita sifili ba. Rawanin da ake tuɓe maka a bakin ƙofa ai ba sarauta ba ce.

Na Zariya: Auta, wanda ya koya maka rabin karatu shi ya cuce ka. Tun 1998 da aka fitar da RFC 2474, takardar ƙa'idar DSCP, aka tsara abin a kan cewa kowace rauta ita ke yanke yadda za ta bi da alamar a nata gidan. Bit shida ne kawai a kan fakiti, daga 0 zuwa 63. Roƙo ne kake yi, ba umarni ba. In maƙwabci bai karɓi roƙonka ba sai ka ce ya yaudare ka?

Anti Injiniya: Ƙanena, bar maganar kalma tukuna, ka ba ni amsar abu biyu. Na ɗaya, dokar FastTrack mai hanzarta wucewar fakiti, wadda ke zuwa a kunne cikin ƙananan MikroTik, ka kashe ta? In tana aiki, yawancin fakiti suna tsallake Mangle da layukan jiran da ka gina, kamar ba ka yi komai ba. Na biyu, nawa ka rubuta a max-limit, wato iyakar gudun uwar layukan jiran?

Yallaɓai CCNP: Matsalar ba a kalma take ba, a akwatin take, wato MikroTik ɗin. Ofis mai mutum talatin ka kai musu kayan wasan yara. A na'urorin kamfanin Cisco mataki uku ne: class-map ka ware, policy-map ka yi hukunci, service-policy ka ɗaura a ƙofar fita. Ka ba murya layin gaggawa, kada ya wuce kashi 33 cikin ɗari na layin kamar yadda jagorar Cisco ta ba da shawara, ka tafi gida ka yi barci.

Mai Hotspot na Maraɗi: Kayan wasan yara? Yallaɓai, ka iya bakinka. Da wannan kayan wasan nake ciyar da iyali shekara da shekaru. Mutum sama da ɗari ke hawa layina da daddare, tsarin PCQ na MikroTik na raba musu daidai wa daida, babu mai danne wani. Kamfanin MikroTik yana Riga ta ƙasar Latbiya tun 1996, ba jiya aka haife shi ba. Kai kuɗin lasisin akwatinka kaɗai ya isa in sayi nawa guda biyar.

Yallaɓai CCNP: Mai sayar da tikitin awa ɗaya daban, mai riƙe layin banki daban. Ba raini ba ne, kowa da matsayinsa.

Mai Hotspot na Maraɗi: Raini ne mana. Takarda kuka haddace. Na ga masu satifiket da ba su iya matse kan waya ba.

Autan Zaure: Baba na Maraɗi, a nan kam ban bi ka ba. Wata shida na yi ina karatun satifiket ɗin Cisco na CCNA da kuɗin da na tara da gumina. Kada a zage mu a fakaice.

Na Zariya: Mu koma kan yaudara, don har yanzu bai janye ba. Ɗan Sabon Gari, in ka ce yaudara ce, to ka ce duk injiniyoyin da suka zauna suka auna cewa murya na fara lalacewa in jinkirin tafiya ɗaya ya haura milisakan 150 'yan damfara ne. Wannan adadin na hukumar sadarwa ta duniya ITU ne, yana cikin takardarta ta G.114. Kai me ka auna?

Ɗan Sabon Gari: Ban ce mutum ɗan damfara ba ne, Malam, kada ka sa mini magana a baki. Abin na ce yaudara ne.

Na Zariya: Abu ba ya yaudara, mutum ke yaudara. Ka nemi wata kalmar.

Ɗan Sabon Gari: Hausar ma yau sai an koya mini? Ba a cewa hadari ya yaudari manomi?

Anti Injiniya: Ina sake tambaya, don nan gizo ke saƙar. Fifiko ba ya aiki sai inda cunkoso yake. In layinka megabit 5 ne na turawa ka bar rautarka tana tura duk abin da ta samu, cunkoson zai taru a na'urar kamfanin intanet, can kuwa dokarka ba ta da iko. Sai ka rage da kanka, ka tsayar da uwar layin a wajen 4.5, domin jiran ya dawo hannunka ka zaɓi wanda zai fara fita. Waɗannan na'urori suna da rumbun jira mai zurfi. Mutum ɗaya ya fara tura hotuna zuwa Google Drive, rumbun ya cika, muryar maigida ta tsaya a bayan kaya. Wannan kumburin rumbu ne Jim Gettys ya yi ta jan hankali a kansa tun 2010, shi ya kai ga CoDel, dabarar hana rumbun kumburi ta Kathleen Nichols da Van Jacobson, a 2012. Kuma RouterOS 7, manhajar MikroTik, tana da irin waɗannan dabaru a ciki, CAKE da FQ-CoDel. Ka auna layin da rana tsaka, lokacin da ofis ya cika, ba da asuba ba.

Yallaɓai CCNP: Hajiya, da girmamawa, a rage wa mutum layin da ya biya kuɗinsa sannan a ce an gyara? Wannan kam ita ce yaudarar.

Mai Hotspot na Maraɗi: Ka ji mai satifiket! A Cisco ɗin naka ba ka sa shape average mai rage gudu a saman dokar in layin da aka sayar maka bai kai gudun ƙofar ba? Abu ɗaya ne, suna ya bambanta.

Yallaɓai CCNP: Namu a tsare yake. Ku fa 1 ne babban fifiko 8 ne ƙarami, alhali a ƙa'idar fifiko ta 802.1p 7 ne sama. Komai naku a juye.

Autan Zaure: Ni dai layin da nake gani a unguwarmu na 4G ne, da safe megabit 15, da magariba 2. A wane adadi zan tsayar da shi? Shi ya sa na ce yayana bai yi ƙarya ba.

Na Zariya: Wannan ka ce bai dace da layinka ba. Kalmar yaudara dai ba ta zauna ba, kuma ba zan bari ta wuce ba ko za mu kwana a nan.

Ɗan Sabon Gari: To mu kwana. Ni aka ci wa mutunci a gaban yara, ni aka riƙe wa kuɗi, ku kuna ta nahawu.

Shugaban Zaure: Jama'a, ya isa haka, dare ya yi. Ga abin da na fahimta. Na farko, kusan kowa ya yarda kalmar yaudara ta yi nauyi, muna roƙon ɗan uwanmu ya janye ta. Na biyu, ta fito fili cewa aikin ofis yana son kayan ofis, kuma da a kan Cisco aka yi shi tun farko da ba a kai ga haka ba, kamar yadda Yallaɓai ya bayyana da hujja. Ni ma shekaru na yi a kansa ban taɓa jin kunya ba. Na uku, a daina taɓa masu satifiket, wahala suka sha. Hajiya ta kawo wasu bayanai masu tsawo, mai bukata ya koma sama ya karanta. Allah ya sa maigidan ya biya ka haƙƙinka. Na rufe wannan maganar.

Mai Hotspot na Maraɗi: Shugaba, a ina ta fito fili? Mutum ɗaya ne ya faɗa, kuma bai amsa tambayata ba. A buɗe.