Sabuwar ƙofar ƙarfe tana gogar ƙasa, makulli ya ƙi shiga

Assalamu alaikum. Gara ta cinye ƙofar katakon zaurenmu, sai na sayo ta ƙarfe wajen mai walda, na kafa firam ɗin da kaina da siminti kwana 4 da suka wuce.

Yanzu ƙyauren yana gogar daɓe ta gefen makulli, saman wannan gefen kuma akwai giɓi kamar santimita 1. Harshen makullin ba ya shiga raminsa, sai na ɗaga ƙyauren da hannu. Na sa washa (ƙaramin zoben ƙarfe) guda biyu a hinjin, gogar ta ragu, amma sama ya fara cije firam. Kwana muke da sakata kawai.

Don Allah, mai walda zai iya yanke hinjin ya sake daidaita su, ko dole in fasa simintin?